Injin da Muka Ɗaura wa Motar Bature

Kwanan baya jikana ya matsa mini sai na raka shi gareji, wai in sa albarka, za a canja wa motarsa inji. 'Yar ƙaramar mota ce tsohuwa da yake jigilar mutane da ita tsakanin Illela da Ƙwanni, ta gaji har in ta zo ɗan tudu sai fasinja sun taya ta da addu'a. Aka ajiye mini benci a inuwa. Yaran gareji suka rataya sarƙa a jikin wasu ƙarafa, suka zaro tsohon injin suna hira, ɗaya ma ya maƙale waya a kafaɗa yana faɗa da wani, suka sauke sabo a gurbinsa. Da hantsi aka fara, kafin kiran la'asar mota tana kuka. Ba wanda ya yi gumin kirki. Ina zaune na ga wani ya ɗauko wasu dunƙule-dunƙulen baƙar roba, ya hure musu ƙura, ya cusa su ƙarƙashin injin ya ɗaure, ko kallonsu bai yi ba. Ni kuwa na kasa ɗauke ido daga kansu, har jikan ya tambaye ni ko jikin ne. Na ce masa rana ce ta dame ni.

Garejin nan bai da nisa da inda maƙerarmu take a da. Yanzu in ka tsaya a wurin ba abin da za ka ji sai ƙugin babura da ihun 'yan canji masu kiran sefa. A zamaninmu ƙarar guduma ce take tashin unguwa. Da an sallame asuba ake hura wuta, zugazugi ya fara numfashi, sai ka ji uwar maƙera ta amsa, mata su ce to, maƙera sun tashi, bari a ɗora daka. Guduma da taɓarya su yi ta amsa wa juna har rana ta take. Aikina na farko a duniya ɗebo gawayi ne, daga nan zuga, kuma na shekara da shekaru ina zuga kafin a yarda in riƙe awartaki. Kowa da ke unguwar ya san bugun kowa. Inna tana cikin gida za ta ce wancan bugun Babanku ne, wancan kuma naka ne, don naka gaggawa gare shi. Mu muke yi wa gari da ƙauyuka fartanya da lauje da gatari, masuntan Kalmalo su zo neman ƙugiya, fatake su zo a gyara musu sarƙar raƙuma. Yau fartanya ma a buhu ake kawo ta, ba wanda ya san hannun da ya yi ta, in ta karye ba ka da wanda za ka je ka zaga.

Babana yana saurayi Turawa suka zo. Da idonsa ya ga ranar da aka ce daga wannan itace zuwa can ƙasar Ingilishi ce, daga can kuma ta Faransi, alhali rabin danginmu suna can ɗin. Bai taɓa ɗaukar maganar da muhimmanci ba. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya dariya sai da dalili, kuma bai yarda akwai wani abu na ƙarfe a duniya da ya fi ƙarfin saninsa ba. In na gama ɗaura fartanya a ƙota na miƙa masa, ba ya dubawa. Kamawa yake ya girgiza kusa da kunnensa. In ya ji ko ɗan ƙis, sai ya wurgo mini ita a ƙafa.

"Wanga aikin wa na? Ƙarhen da ka motsi ba a ƙare shi ba. Maida shi wuta."

Haka na tashi, haka duk maƙeran garin suka tashi. A wurinmu abu in yana rawa, ragon maƙeri ne ya yi shi.

Lokacin da abin ya faru na riga na zama mutum, da iyalina, ni ke riƙe da babbar guduma. Wani Buzu ya kawo raƙuminsa a yi masa lalas a kafaɗa, don a lokacin mu ne masu ƙona wa dabba ciwo da jan ƙarfe. Aka durƙusar da raƙumin aka ɗaure, Baba ya matso da ƙarfen, suna ta tsokanar juna da Buzun kamar yadda muka saba da su. Igiyar ƙafa ta tsinke. Raƙumin ya yunƙura ya faɗo ta gefe, ya danne Baba daga ƙugu zuwa gwiwa. Ban ji ya yi ihu ba. Da muka janye shi ƙafarsa ta hagu tana kallon inda ƙafa ba ta kallo.

Aka ɗauko maɗori daga Araba, mutumin kirki, ya yi iyakar yinsa. Ƙashin bai kama ba. Wurin ya kumbura, ya fashe, ya fara ruwa, ɗakin ya ɗauki wani wari da Inna take ta turare don kada masu gaisuwa su ji. Ana cikin haka wani malamin asibiti ya zo garin yin lambar agana, na je na durƙusa masa har ya biyo ni gida. Ya ɗaga zanen ya duba, ya ja ni waje.

"Wannan ya wuce ɗori," in ji shi. "Akwai ƙashin da ya farfashe a ciki. In kun kai shi Sakkwato likita ya buɗe ya cire, zai iya tashi. In kun bar shi nan, ba na jin zai ga kaka."

Sakkwato kuwa a lokacin ba nan kusa ba ce. Yaran yanzu suna zuwa su sayo kaya su dawo su ci abincin rana a gida. Mu kwanaki muke yi a kan jaki, cikin rairayi mai cin ƙafa. Babbar mota ba ta shigowa sai lokacin sayen gyaɗa da fata, kuma wannan lokaci ya wuce, bazara ce ake ciki, zafi kamar a bakin wutar maƙera. Da ruwan farko ya sauka fadamun hanya za su cika, shi ke nan sai bayan damina. Muka gwada jaki. Ko ƙofar gida ba mu fita ba Baba ya suma. Muka gwada ɗaukarsa a gadon kara, majiya ƙarfi suka ɗora a ka, amma kowane taku sai ƙashin ya motsa, ga shi kuma mata sun fara leƙowa ta katanga suna salati, sun ɗauka an yi rasuwa. Ya bugi gefen gadon da hannu.

"Ku aje ni. Ban mutu ba tukuna, ba a bi gari da ni bisa kawuna. Ranad da Allah yay yi, ku ɗauka, ba ni hana ku."

Muka mayar da shi ɗaki. Na fito bayan maƙera na zauna, na rasa inda zan sa kaina. A nan ne idona ya sauka kan motar.

Wani Bature mai sayen fata ne ya bar ta. 'Yar mitsitsiya ce marar rufi, mutum huɗu su cika ta, kuma tun kafin ta zo hannunsa ta sha duniya. A kakar da ta wuce ya shigo da ita, rairayin bakin gari ya shaƙe ta, injin ya yi ta hayaƙi har ya mutu murus. Aka turo ta bayan maƙerarmu, ya ce zai aiko a ɗauka, ya hau doki ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kaji suka mayar da ita wurin ƙwai. Mutum ɗaya ne a garin ya san cikin mota, wani ɗan ƙanen Inna da muke kira Dogo, wanda ya yi shekaru yana yaron mota a manyan motocin Faransawa. Na aika aka kira shi. Ya kore kajin, ya shiga ƙarƙashi, ya fito, ya murɗa wannan ya ƙwanƙwasa wancan.

"Motag ga jikinta lahiya lau, cikinta na yam mutu," in ji shi. "Kuma ko da ranta, wanga ɗan inji nata bai iya rairayin hanyar Sakkwato. Amma na san inda wani shike kwance, can bayan Ƙwanni. Babbar mota ta, tak kihe, bayanta yaƙ ƙone, injin ko ba abin da yas same shi."

"Shina shiga cikin wagga?" na tambaye shi.

Ya auna gaban motar da kamu. "In an yanka an buɗe, shina shiga. Ku ag ga ƙarhe, ni ag ga inji."

Ban yi shawara da kowa ba. Na kora jakunanmu duka zuwa wurin mai babbar motar, na dawo ba jaki ko ɗaya, injin ya zama nawa har da giyarsa da tukunyar ruwansa da garwar fetur. Ɗauko shi kuma sai da na tara maƙeran Illela da na Ƙwanni. Muka rataye shi a jikin manyan itatuwa, muka rufe da zana, muka saɓa a kafaɗa, ana tafiya ana canji. A bakin iyaka masu gadin Faransi suka tare mu suka ce mene ne. Wani tsoho cikinmu ya ce uwar maƙera ce za a kai wa ɗan'uwa, wanda yake so ya buɗe ya taɓa, bismilla. Ba wanda ya matso. A zamanin nan ko mai bindiga ba ya son ya shiga tsakanin maƙeri da uwar maƙerarsa. Na iso gida kafaɗata ta saɓule, rigata ta manne da jini, amma ranar ce na fara cin abinci da ɗanɗano tun faɗuwar raƙumin.

Baba ya ce a fito da shi. Aka shimfiɗa masa buzu a rumfar maƙera, aka tokare shi da matasai, daga nan yake ba da umarni. Ya rame, idanunsa sun faɗa, amma kunnensa na nan. Muka cire murfin gaban motar muka jefar, muka datse ƙarfen da ya tare hanya, muka ƙara wa sifirin gaba wani fallen ƙarfe don ya ɗauki nauyi. Sandar da ke kai ƙarfin inji ƙafafun baya ta yi tsawo, muka yanke ta muka haɗa a wuta, sau da yawa tana fitowa a karkace muna sakewa. Dogo yana gefe yana facin tayoyi yana wanke ƙananan kayan inji a ƙwarya. Duk abin da na zata aikin yini ne sai ya ci kwanaki. Noti ɗaya in ya ɓace a rairayi sai a tsayar da komai, yara su zo da rariya a tankaɗe ƙasa. Kullum da yamma Inna takan fito ta tsaya a bakin zaure ta dubi gabas, sannan ta dube ni.

"Hadari ya taru jiya, ka gani? Yaushe za ku ƙare?"

"Saura kaɗan, Inna."

"Kullum saura kaɗan. Jiya ko kunu bai sha ba."

Na ɗauki guduma na koma bakin aiki. Na daina zuwa fira, na daina aski, fartanyar mutane ta taru a gefe ga damina tana zuwa, masu ita suka gaji da zarya suka kwashe abinsu. Wani lokaci ina tsakiyar bugu sai warin ciwon ya biyo iska ya same ni, hannuna ya mutu, in ji kamar in ajiye gudumar in yi ta gudu. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba ni da inda zan kai shi sai kan ƙarfe.

Ranar da za a zaunar da injin a gurbinsa, Dogo ya kawo wasu dunƙule-dunƙulen roba da ya ciro daga ƙarƙashin tsohon injin. Sun tsattsage, sun yi ƙanana, na babbar motar kuwa wuta ta cinye su. Ya tsaya yana jujjuya su a hannu, ya ce ko za a nemi wani abu mai taushi a sa a madadinsu, ko da fatar raƙumi ce a ninka.

"Miƙo in gani," in ji Baba. Ya matsa ɗaya da yatsa, gefenta ya marmashe. "Wanga ruɓaɓɓen abu za shi riƙe nauyin raƙumi?"

"Baba, Nasara ba su sa abu hakanan banza. Duk motad da nit taɓa shiga ƙarƙashinta, da robag ga."

"Amfaninta mi?"

Dogo ya sosa ƙeya. Ya san tana nan, bai san dalili ba, ba wanda ya taɓa gaya masa. "Ban sani ba, Baba."

"To, bari in gaya maka. Ba su da maƙeri kusa na, sunka liƙa ƙaro. In kas sa taushi tsakanin ƙarhe da ƙarhe, rawa za shi yi, in yay yi rawa ya kwance, ku zubda ni cikin daji. A ɗaure shi ƙarhe bisa ƙarhe."

Duk maƙeran da ke wurin suka gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa, don maganar ta yi daidai da duk abin da muka sani. Na ƙera maɗaurai masu kauri, na sa su da zafinsu don in sun huce su ƙara matsewa, na bi su da ƙusoshi na dake. Da na gama, ƙarti suka kama injin suka girgiza, motar gaba ɗaya ta motsa, shi bai motsa ba. Ban taɓa yin ɗauri mai kyau irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan.

Da Dogo ya murɗa ƙarfen tayarwa injin ya kama, sai da awaki suka tsinke turke. Gari ya cika bayan maƙera, mata suna guɗa. Motar tana tsaye tana ɓari tun daga gaba har baya, ƙofofinta suna kaɗawa, ƙasa tana amsawa a tafin ƙafa. Mutane suka ce kai, wannan ƙarfi ne ya yi mata yawa, ƙosawa ta yi a sake ta. Ni ma haka na gani. Na yi kuka a gaban jama'a ban ji kunya ba.

Washegari da sassafe muka cire kujerar gefen direba, muka shimfiɗa katifar audugar rimi daga gaba zuwa baya, muka kwantar da Baba. Na zauna a baya na ɗora kansa a cinyata. Inna ta miƙo goran ruwa da ƙullin fura, ta ce Allah ya kai lafiya, ta juya da sauri. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Dogo ya tayar da inji.

A take na ji abin a haƙorana. Duk bugun da injin yake yi sai ya bi maɗauran nan nawa ya shiga gadon motar, ya ratsa katifar kamar babu ita, ya shiga jikin mutum. Na dubi Baba, ya kama gefen rawaninsa ya cusa a baki. Dogo ya waiwayo ya yi ihu cewa in ta fara gudu za ta lafa. Ba ta lafa ba. Gudu kam ta yi. Rairayin nan da ya kashe tsohon injin ta keta shi tana watsa ƙasa, muka wuce masu jakuna suna tsalle gefe, itatuwa suna wucewa da saurin da ban taɓa gani ba. Amma ƙafar Baba tana karkarwa a kan katifar, ina kallon ƙashin yana motsi a ƙarƙashin fata. Na danne cinyar da hannu biyu, rawar ta bi hannuna. Na cire rigata na cusa, na ɗago ƙugunsa na rungume, duk a banza. Tsumman da aka ɗaure ciwon da shi ya jiƙe, ya fara ɗiga. Gumi ya wanke masa fuska. Ya suma, ya farfaɗo, ya sake suma.

Na rasa abin da zan roƙa. In na ce a tsaya, ga hadari a bayanmu, kuma ba tabbas injin ya sake tashi. In na ce a ci gaba, ina ji da hannuna abin da ake yi masa. Na sa bakina a kunnensa na ce, "Baba, mu tsaya?"

Ya zare rawanin daga baki. "Ku tahi."

Muka tafi. Ban san iyakar abin da muka ci na hanya ba, na dai san ko Gwadabawa ba mu hango ba. Can sai ya buɗe ido, ya karkata kai kamar mai sauraren kira daga nesa, ya damƙi hannuna.

"Ce mai shi tsaya. Ƙarhe ya tsage."

Cikin wannan ƙugi ni ban ji komai ba, Dogo ma bai ji ba. Kafin in gama yi masa ihu sai gaban motar ya durƙusa, injin ya noƙe hanci cikin ƙasa, tukunyar ruwa ta fashe, tururi ya rufe mu. Sai shiru, irin shirun da ke sa kunne ƙara.

Muka ɗauke Baba muka kwantar a gindin wani gawo. Na shiga ƙarƙashin motar. Gadonta, wanda yanzu ake ce wa shasi, ya karye gida biyu, dab da inda na ɗaure. Siririn ƙarfe ne da aka yi don ɗan ƙaramin inji, girgizar ta yi ta cinsa har ya gaji. Da akwai wuta da zugazugi da na haɗa shi, amma daga ni sai guduma da kurfin datse ƙarfe a tsakiyar daji. Na yi ta dukan wurin duk da na san ba amfani, har Dogo ya riƙe mini hannu. Na dawo gindin gawon na durƙusa.

"Ɗaurin naka yas saki?" in ji Baba, muryarsa da ƙyar take fita.

"A'a, Baba. Ɗaurin na nan. Gadon motar na yak karye."

Ya lumshe ido. Bayan ɗan lokaci ya ce, "Ku maishe ni gida."

Da me? Ba jaki, ba mota, ga shi ko taɓa ƙafar aka yi sai numfashinsa ya ɗauke. Akwai wata rijiya mai zurfi can gaba kaɗan, inda wani Bafulatani yake shayar da garkensa, bijimai biyu suna ja masa guga kamar yadda ake yi a duk rijiyoyin ƙasarmu masu nisa. Ƙarar ta jawo shi. Ya zo ya tsaya da sandarsa a kafaɗa, ya gai da mu, ya dubi tsoho, ya zagaya motar.

"Abin ga, ƙahwahunta na juyawa in ba wancan?" Ya nuna injin da baki.

Dogo ya ce suna juyawa.

"To, ku hidda shi mana. Shanuna na ja."

Ban ma ɗauki maganar da wani nauyi ba, na dai rasa wata dabarar. Na sa kurfi da guduma na datse ƙusoshin da na dake da hannuna, muka ture injin ya faɗi gefen hanya. Muka sari reshe muka ɗaure karayar da igiya kamar ɗorin ƙafa. Bafulatanin ya kawo bijiman da igiyoyin gugarsa, ya ɗaura a gaban motar, muka mayar da Baba kan katifa. Dogo ya riƙe sitiyari, mai shanu ya yi musu magana, suka taka, muka nufi gida.

Motar ta bi su ba ko ƙara. Babu nauyi a gabanta, tayoyin suna lumewa kaɗan cikin rairayi suna fita, in an zo gargada sai ta ɗan lanƙwasa ta miƙe a hankali. Ba abin da nake ji sai numfashin shanu da kukan igiya. Na zuba ruwa a ƙoƙo don in jiƙa wa Baba leɓe, na ajiye ƙoƙon a gefena, sai na lura ko ɗigo bai zuba ba. Ƙafar tana kwance, ba ta motsi. Fuskar Baba ta saki, irin sakin da ban gani ba tun ranar raƙumin. Ya buɗe ido ya dubi sama yana wucewa.

"Wa ka tuƙi?"

"Shanu na, Baba. Shanun rijiya ka jan mu."

Na zaci bai ji ba. Sai na ji ƙirjinsa ya motsa, ashe dariya ce.

"Shanu," in ji shi. "Tun ranad da raƙumin yaf faɗa mani, akwai shanu garin."

Maganar ta shige ni kamar an zuba mini ruwan sanyi. A lokacin ba amalanke a ƙasarmu, ba mu taɓa ganin dabba tana jan abu mai ƙafa ba. Mota a wurinmu abu ce mai inji, in ba inji gawa ce. Duk makonnin nan da na yi ina yanka ina haɗawa, da jakunan da na bayar, da kafaɗun mutane, ashe motar tana bayan maƙera a shirye, bijimai kuma suna bakin kowace rijiya. Da a ranar da malamin asibiti ya yi magana muka ɗaura mata su, da tuni Baba ya daɗe a hannun likita. Gari guda, da dattawansa da malamansa da fatakensa da suka ga duniya, ba wanda abin ya faɗo wa.

Na miƙe tsaye cikin motar ina ihu. "Juya su! Don Allah juya su, Sakkwato za mu! Ko mi kaka so ina ba ka!"

Bafulatanin ya dubi hadarin, ya dube ni. Ya kama igiyar hancin na gaba ya zagayo da su. Muka sake fuskantar kudu, muka wuce injin yana kwance yana tsiyayar baƙin mai. Ina ta yi wa Baba magana, ina ce masa yanzu kam za mu isa, a hankali za mu bi, ko kwana nawa ne, ya yi barcinsa kawai. Iska ta taso mai ƙanshin ƙasa, aka fara yayyafi, na cire hulata ina kare masa fuska. Ɗigon ruwa ya faɗa masa a ido, bai ƙifta ba. Na ci gaba da magana.

Dogo ne ya saki sitiyarin, ya juyo, ya sa hannu ya shafe masa idanu. Mai shanu ya tsaya, ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya jira har na yi shiru. Sannan ya kama igiyar, muka sake juya shanun zuwa gida.